Hanyar Ƙofar Surukina

A shekarar farin tamanin da huɗu ni ne masinja a wani biro, wato ofis, na gwamnati a Tasawa, amma kwana nake a ƙauyenmu, can bayan Maijirgi, saboda tsohuwata ta ce ita da birni sai dai a kai gawarta. Kullum da safe in hau tsohuwar motona mai ƙafa biyu in tafi, la'asar sakaliya in dawo. Albashin bai taka kara ya karya ba, sai dai a shekarar da gero bai ko fidda kai ba shi ke ciyar da gidanmu, shi ke ciyar da gidan surukaina.

Lokacin soja ne. Shugaban biron namu ya kafa doka: bakwai da rabi a rufe ƙofa, wanda ya makara sau uku ya ajiye aiki. Kada ka ce barazana ce. A gabana aka sallami Ahmadu mai buga takardu, mutum mai 'ya'ya shida. Ni kuwa na riga na makara sau biyu.

Hanya uku ce ke kai ni Tasawa, kuma kowace da irin masifarta. Kwalta ta fi sauri a da. Amma tun da aka fara binciken hatsi jandarmomi suka sa shinge, sai ka tarar da manyan motoci jere ana zazzage buhu ɗaya ɗaya, kai mai moto kana tsaye da takardunka a hannu kana haɗiyar rai. Makarata ta farko can na yi ta. Ta biyu hanyar jigawa ce, wadda masu amalanken jaki ke bi. Da ana ruwa rairayin kan danne, amma a shekarar nan ya zama gari, ko ka rage iskar taya sai ta nutse. Can na yi makara ta biyu, ina tura moto ina zagin jakunan da ba su san ina yi ba.

Ta uku fako ce tsantsa, ƙasa mai tauri, ko rufe ido ka yi za ka isa. Aibinta ɗaya: ta ratsa garin su Uwani matata, ta bi daidai ƙofar gidan mahaifinta, Ɗan Malam. Shi kuwa tun kafin in auri 'yarsa, kullum tun da safe har hantsi yana nan ƙofar gida bisa buzunsa yana shan rana. A wajenmu suruki ba ya wuce surukinsa a bisa abin hawa. Tun daga bakin gari za ka kashe inji, ka cire takalmi, ka turo moto, ka durƙusa. A tambayi tsohuwa, a tambayi yara, a tambayi awaki, a kawo ruwa ka sha ko ba ka jin ƙishi. Rubu'in awa ke nan in tsohon bai tuno wani labari ba. Ga motona in ta yi zafi aka kashe ta, ba ta tashi sai an roƙe ta. Shi ya sa nake bin hanyar da yamma kawai.

Ran wata Talata na tashi da wuri, moto ta ƙi tashi. Na cire buji, wato filogi, na goge, na hura, na mayar, na yi ta bugawa har gumi ya jiƙa mini riga. Da ta kama, agogona ya nuna bakwai saura minti biyar. Uwani tana tsaye da tulu tana kallona.

Ta ce, "Wace hanya za ka bi?"

Na ce, "Ta garinku."

Ta ce, "Za ka sauka?"

Na hau moto na kama hanya.

Na yi lissafi a hanya har sau nawa, amsa ɗaya take fitowa. In na sauka na makara, in na makara aiki ya tafi, kuma tukunyar gidan tsohon ma ta kife. In na wuce, kafin azahar garin duka ya ji cewa Inusa mijin Uwani ya samu aikin gwamnati ya bi ta gaban surukinsa yana tayar masa da ƙura. Kunya ta cika ni tun ban iso ba, amma ban sassauta hannu ba.

Da na shigo bakin gari na hango shi bisa buzun. Ƙarar motona ba ta ɓuya, ya san ta. Sai na ga ya dafa bango, ya miƙe da ƙyar, ya juya mini baya ya shige zaure. Na wuce ƙofar da takalmi a ƙafata. Mutum biyu na zaune gindin itacen bedi, suka bi ni da ido.

Na shiga biro ana jawo ƙofa. Mai gadi ya ce, "Inusa, yau da ƙyar." Wunin nan ban iya cin komai ba. Na tabbata tsohon fushi ya yi, ya ga ban rage gudu ba ya tashi don kada ya ga abin takaici da idonsa.

Da yamma na kashe inji tun nesa da inda na saba, na rataya takalmi a kan moto, na turo ta. Yana zaune, mutanen nan biyu na gindin bedi suna tare da shi. Na durƙusa, na gaishe shi, na buɗe baki zan fara ba da haƙuri.

Ya tare ni. Ya ce, "Malam Inusa, yau kwalta ka bi? Ban gan ka da safe ba."

Na ce, "Baba, ai ni..."

Ya ce, "Na shiga ciki neman goro, na daɗe ban same shi ba." Ya dubi mutanen biyu, ya ɗan ɗaga murya yadda za su ji da kyau. "Mutum ba ya sauka ya gaida buzu."

Aka kawo ruwa na sha, ya tambayi tsohuwa, ya tambayi yara da awaki, na amsa kaina a ƙasa. Da na yi sallama na kama moto zan tura, sai ya yafito ni da hannu. Na dawo na sake durƙusawa kusa da shi.

A hankali ya ce, "Ƙarfe nawa kake isowa nan da safe?"

Na ce, "Wajen bakwai da 'yan mintoci, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ranar hantsin nan ta fara yi mini yawa. Daga gobe ba na fitowa sai takwas."