Goɗiyar Diza a Hanyar Madekali

Hammanjoda bai shayar da goɗiyar a Gene ba, daga nan komai ya lalace.

Shekara tara ke nan. Masu dawaki na Malanbil suka shirya tsere mai nisa: a fita da hantsi zuwa Gene, a karkata ta daji zuwa Madekali, a dawo gari kafin la'asar sakaliya. Hammanjoda makiyayi ne, ya iya hawa tun yana ƙarami, amma ba shi da doki. Goɗiyar ta matarsa Diza ce, gadon babanta, ita kaɗai ta rage daga garken tsohon. Kwana uku yana roƙo kafin ta yarda.

"Ka maido min ita da ƙafafunta," ta ce.

A Gene aka ajiye tukwanen ruwa da likitan dabbobi, wani Salifu, mai sauraren zuciyar kowane doki kafin a bar shi ya wuce. Hammanjoda ne ya fara isowa. Salifu ya saurara, ya ce lafiya lau, amma a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan.

"Doki da zufa a jiki ba ya shan ruwa," in ji Hammanjoda. "Haka ubana ya koya min."

"Ubanka sukuwar salla ya sani, malam. Wagga tafiya ta wuni ce."

Ana cikin haka Maigandi ya iso, wani ɗan Kamba mai fataucin albasa, kan doki mai ƙiba. Ya sauka, ya tura bakin dokinsa cikin tukunya, shi ma ya ɗaga buta.

"Sha, Alhaji, sha," in ji Hammanjoda. "Kai da shi duk randa ne."

"Hau ka tai, Bafillace. Ni ban gaggawa, albasa ba ta gudu."

Hammanjoda ya hau ya tafi.

Rana ta take, hanya ta zama rairayi da ƙaya. Wajen rabin tafiya ya shafa wuyan goɗiyar, ya ji shi a bushe ƙamas. Ya yi murna, a zatonsa ta huce ne, ta samu numfashi. Bai san cewa ruwan jikinta ne ya ƙare ba. Ya ƙara mata ƙaimi.

Ana hango gonakin shinkafar Madekali ta yi tuntuɓe a fili, inda ba dutse ba rami. Ta sake. Ya sauka ya ja linzami, tana binsa da kai a ƙasa, har gindin wata tsamiya. Nan ta durƙusa. Ya ruga wani ramin ban-ruwa ya ciko hularsa, ya kai mata baki, ba ta ko dube shi ba.

Maigandi ya iso a hankali, dokinsa sharkaf da zufa. Bai yi ba'a ba. Ya miƙa masa gorarsa, ya ce zai turo likita da babur, ya wuce. Kafin Salifu ya zo ta mutu.

Hammanjoda ya kwance sirdi da linzami ya ɗora a ka, ya tako har gida. Diza tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi sirdin, ta ci gaba da aikinta. Washegari ta naɗe shi da linzamin cikin zane, ta aika wa yayanta a ƙauyen Tumbutu, nan kusa da Malanbil.

Tana gidan har yau, tana dafa masa tuwo. Dawakin danginta shida ne a Tumbutu, ba wanda ya ƙara ba shi aron ko ɗaya, kuma bai ƙara hawa ba.