Fom Ɗin da Ba Shi da Ranar Gamawa

Aikin na mako shida ne kacal. Bangon ɗakin jiran yara na asibitin unguwa ya yi dauɗa har ya koma kalar ruwan wanki, ita kuwa Mai Zane, wata mata da zane-zane ne sana'arta, so take ta cika shi da kifaye da tsuntsaye, don masu jiran allura su samu abin kallo. Ta sha zama a ɗakin da 'yarta Ɗigo, mai shekara huɗu, ta san yadda kuka yake amsa kuwwa a cikinsa.

Tallafi biyu ta samo. Na farko na ƙungiyar masu zane ne: fenti, buroshi, hayar tsani, wa'adin wata biyu, sai rahoto shafi biyu da hotuna. Na biyu na wata gidauniya ce a bayan tsohuwar tasha, takardarsu mai sheƙi, sun ce za su ba da ɗakin aiki da abinci da duk kayan da ranka yake so. Maigidanta ya ce shi bai ga abin dogon tunani ba, in nauyi take ji ta miƙo buroshin ya gwada sa'arsa, ai ya taɓa yi wa ƙofar banɗaki fenti.

Da safe ta kai Ɗigo makaranta, ta yi mata alkawarin sha biyu tana bakin ƙofa. Ƙarfe goma ta shiga gidauniyar.

Baranda ce doguwa mai ƙofofi dama da hagu. An shafe gilasan tagogi da farin fenti, babu agogo ko ɗaya, ko'ina warin ɗanyen fenti. Sakataren wurin ya miƙo mata fom da biro tun kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ita kuwa tun da ta haihu, daga ƙasa take fara cika takarda. Ranar gamawa take fara rubutawa, don ta san wa zai riƙe mata yarinya, kuma har zuwa yaushe. Ta juya fom ɗin gaba da baya.

"Malam, ina wurin ranar gamawa?"

"Ai mu ba ma takura wa masu fasaha, baiwar Allah. Aiki yakan ƙare ran da ya ƙare. Sunanki kawai za ki sa."

Muryarsa da taushi, har ta ji kunyar tambayar. Ta ɗora biro ta rubuta harafin farko na sunanta. Sai ta ji wani ɗan tari daga ƙofar da ke gefe, tarin da ta sani. Ta leƙa.

Malamarta ce, wadda ta koya mata haɗa kala tana 'yar shekara takwas. Shekara ashirin ke nan da ta ce ta samu aikin wata guda, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba, har mutane suka haƙura suka ce gari ta bari. Ga ta zaune gaban allon zane, da ɗankwalin nan nata mai ruwan ganye, ko furfura ɗaya babu. Taga take zanawa.

Malama ta ɗago ta daɗe tana kallonta.

"Ke ce? Wannan irin saurin girma fa?" Ta mayar da ido kan allon. "In kin fita ki biya ta gidana, ki ce wa yayata ta ƙara haƙuri da ɗana Auta. Haƙori yake yi, shi ya sa rigimar. Saura kaɗan na gama."

Auta yanzu gemu gare shi. Shi yake gyara wa maigidanta babur.

Mai Zane ta koma ta ajiye biron a kan tebur a hankali. Sakataren ya duba fom ɗin, ya tuna mata cewa harafi ɗaya ta rubuta. Ta ce 'yarta za ta ɗauko daga makaranta.

"Ki taho da ita mana," in ji shi. "Muna da ɗakin yara."

Ba ta yi gudu ba. Ta dai bi barandar ba waiwaye, har ta tura ƙofar waje.

A lissafinta ko rabin awa ba ta yi ba. Amma rana ta yi sanyi, inuwar gini ta tsallake titi, wayarta ta nuna ƙarfe biyar, ga kiran maigidanta jere a kai. Ta iske Ɗigo a kan benci kusa da maigadin makaranta, hawaye ya bushe mata a kumatu, ta rungume jakarta.

"Mama, kin ce sha biyu."

Ta durƙusa ta ɗauke ta, ba ta sauke ta ba har gida.

Washegari ta hau benen ƙungiyar masu zane, a saman wani shagon buga kati, Ɗigo na riƙe da gefen mayafinta. Fanka na ƙara, agogon bango na bugawa. Matar da ke karɓar takardu ta ja mata kunne cewa tallafinsu ɗan kaɗan ne, kuma ko kwana ɗaya ba sa ƙarawa a kan wa'adi. Mai Zane ta ce abin da ya kawo ta ke nan. Ta juya fom ɗin zuwa shafin ƙarshe, ta rubuta ranar gamawa, ta danna biron har ya kusa huda takardar.

Ta gama bangon saura kwana uku. Saƙon Malama ne har yau bai fita daga bakinta ba. Duk sanda suka wuce ta garejin Auta, sai ta yi masa sannu da aiki, ta ƙara damƙe hannun Ɗigo.