Taswirar Auta

Tun kafin a ɗage ƙofar sito Auta ta riga kowa isowa. Ta shige ɗan ofishinta mai tagar gilashi da ke kallon filin lodi, ta kunna kwamfuta da sauri, kamar wadda ke tsoron taswirar ta gudu kafin wayewar gari. Ba ta gudu ba. Ga garin nan shimfiɗe a kan allo, tituna sun rarrabu kamar jijiyoyin ganye, ga hanyar kowane direba da launinta.

Aikin Auta a kamfanin kai saƙonni shi ne rabon hanya. Kafin zuwanta da sabo ake rabon: wanda ya saba da gabas ya yi gabas, wanda ya saba da yamma ya yi yamma, a ƙirga kwalaye a ba kowa daidai, shi ke nan an yi adalci. Ita ce ta bi ta addabi Manaja har ya yarda aka kawo manhajar taswira. Daga nan ta yi watanni tana bin direbobi a kujerar gefe, waya a hannu, tana sa alama: nan ta ƙofar baya ake karɓar kaya, nan lungun ba ya cin babbar mota, nan bene ne mai tsawo kuma lif ɗinsa ya daɗe da mutuwa. Manhajar ta haɗiye duk wannan, ta daina ƙirga kwalaye, ta koma auna wahala: tuƙi, neman wurin tsayawa, hawa da sauka.

A nan ne fa abin ya zo mata da ƙaya. Akwai direban da ake kira Gardama, saboda ko gaisuwa ka yi masa sai ya ja da kai. Kullum shi ne ƙarshen dawowa, kowa ya ɗauka shiririta ce ke tsare shi. Akwai kuma Dogo, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ke dawowa rana tsaka ya wanke mota yana fito, Manaja na nuna shi a matsayin abin koyi. Da taswira ta yi lissafinta, sai ga layin Gardama ya yi jajir, na Dogo kuwa kore shar. Unguwar Dogo duk shaguna ne jere a bakin titi, ka miƙa kwali ta taga ka wuce. Ta Gardama benaye ne masu taɓo gajimare.

Da yammacin jiya ta faɗa wa yayan nata a gida, suna zaune a falo, Mama na ninke wanki.

“Yaya, gobe za a ƙara maka tsayawa. Za a rage wa Gardama.”

Dogo ya ajiye kofin shayinsa a hankali. “Wa zai ƙara mini?”

“Taswira.”

“Taswira ce ta goya ki kina ƙarama? Taswira ce ta kai ki wurin Manaja ta ce ga ƙanwata, a gwada ta? Mama, kin ji ’yarki. Na kawo ta aiki, ta fara rabon kaya da wuyana.”

Mama ba ta ko ɗago ba. “Ai wuyan naka dogo ne, zai ɗauka.”

Auta ta ƙunshe dariya. Shi kuwa ya tashi yana cika yana batsewa, har safiya bai ce mata ci kanki ba, kuma ya ƙi ɗaukar ta a mota. Shi ya sa ta yi sammako ta hau ta haya.

Yanzu ga direbobi sun cika filin lodi, kowa na leƙa wayar da aka manna masa a gaban sitiyari. Auta ta fito ta hau kan wani katakon ɗora kaya don a gan ta, ta yi musu bayani cike da zumuɗi. Kowa zai loda kaya bisa jerin da waya ta nuna, na ƙarshen sauka shi ne farkon shiga. In hanya ta canza, waya za ta yi ƙara.

Gardama, gajere mai faɗin kafaɗa da tawul a wuya, ya ɗaga hannu. “Ni ban yarda ba.”

“Ai rage maka aka yi!” in ji masu lodi baki ɗaya.

“Shi ya sa ban yarda ba. Tunda nake a gidan nan ba a taɓa rage mini komai ba sai hutu.”

Aka kwashe da dariya. Dogo kaɗai bai yi ba. Ya rufe bayan motarsa da ƙarfi, ya ba ta wuta, ya fice ko kallon tagar ofis bai yi ba.

Auta ta koma ta zauna. Ɗigo-ɗigon motoci suka fara fita daga sito a kan allo, kowanne ya kama launinsa. Ta kafa musu ido kamar ita ke jan motocin da igiya. Duk kwalin da aka sauke, sai alamarsa ta koma fara. Fari ya fara yawa. Manaja ya shigo wai zai ɗauki biro, ya tsaya a bayanta, biron bai ɗauka ba, fita kuma bai yi ba. Can sai ga masu lodi sun manna hanci a gilashin taga.

“Kai, ku ga shuɗi! Shuɗi ya wuce ruwan ɗorawa!”

“Ba tsere ba ne,” in ji Auta, amma ita ma ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da ɗigon Gardama ya tsaya cak a babban titin da ya raba garin biyu. Titin a kan allo ya yi ruwan goro, ya yi ja, ya koma ja mai duhu. Wayar ofis ta ɗauki ƙara.

“Auta, taswirarki ta kawo ni kogi!” Gardama ne, ihun hon na tashi a bayansa. “Babban bututu ya fashe, ruwa na tsiri sama kamar bishiya. An tare gaba, an cika baya. Ko keke ba zai motsa ba.”

Auta ta duba jerin kayansa. A motar Gardama akwai akwatin sanyi na magani da wani ƙaramin asibiti ke jira, kuma ƙanƙarar cikinsa ba za ta kai tsakar rana ba. Asibitin yana tsallaken titin.

Manaja ya dafe kai. “Na san za a yi haka. Ranar farko!”

“Ranka ya daɗe, ba ni wuri.” Ta ja kujera, ta ja jan layi ta rufe titin a taswira, ta danna a sake lissafi. Allon ya ɗan yi tunani. Sai launuka suka warware suka sake saƙuwa a gaban idonsu, kowace hanya ta kauce wa ruwan. Ta buɗe taswirar sosai tana neman motar da ta fi kusa da tsallaken. Kore ce, tana bayan wani gidan mai, kwanar titi biyu kacal tsakaninta da wurin.

Motar Dogo ce. Ta ɗauki waya ta kira shi.

“Yaya.”

“Ina aiki. An ƙara mini tsayawa, ko kin manta?”

“Yaya, don girman Allah saurara. Gardama ya maƙale da maganin asibiti. Kai kaɗai ne a tsallake. Ka bi bayan gidan man nan, akwai ɗan lungu kusa da mai facin taya, zai fito da kai daidai bakin ruwan.”

“Lungun nan ba ya ɓullewa.”

“Yana ɓullewa. An rushe katangar, da ƙafata na bi shi.”

Ya kashe wayar. Duk ofishin aka zuba wa koren ɗigo ido. Ya tsaya. Ya tsaya. Sai ya juya a hankali, ya shige lungun.

Ihun da masu lodi suka yi har tantabarun rufin sito sai da suka tashi.

Auta ta kira Gardama. “Za ka iya tsallakawa da ƙafa?”

“Ba zan iya ba,” in ji shi, amma tana jin ƙarar ƙofar mota da fallatsar ruwa. Bai kashe wayar ba, ya jefa ta aljihun riga, don haka duk suka ji tafiyar a lasifika: yana faɗa da ruwan, yana faɗa da masu kallo, yana gaya wa wani ya kauce ko ya tafi da shi. Daga baya Dogo ya ba da labarin yadda ya hango shi, wando naɗe har cinya, akwati a ka, takalma rataye a wuya, ruwa na zubo masa daga sama yana zagin bututun kamar ya san shi.

“Ya karɓa!” muryar Gardama ta fito tana haki. “Dogon banza ya karɓa!”

Koren ɗigo ya fita da gudu. Auta na biye da shi da yatsa a kan allo, tana faɗin kowace kwana a bakinta kafin waya ta faɗa masa, har ya tsaya a ƙofar asibitin. Alamar akwatin ta koma fara. Manaja ya buga tebur har kofin biro ya kife, ya kama hannun wani mai lodi yana girgizawa kamar shi ya yi tuƙin.

Amma da sauran aiki. Motar Gardama na nan cike, kuma ba a san lokacin da za a buɗe titin ba. Auta ta sa manhajar ta raba kayansa ga motocin da ke kusa. Masu shaguna a bakin titin suka taya shi fito da kwalaye zuwa wani layi na baya, motoci suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kowace na ɗaukar rabonta. Kaso mafi tsoka ya faɗa kan wanda ya fi kowa sauran lokaci. Auta ta ga sunan, ta rufe baki da hannu. Benayen nan dogaye, Dogo aka ba.

Ba ta kira shi ba, ta bar waya ta gaya masa.

Rana ta karkata lokacin da ya kira da kansa. Da farko numfashi kawai take ji, kamar ana hura wuta da mafici.

“Auta.”

“Na’am, Yaya.”

“Wannan gidan... hawa nawa ne?”

“Ka kusa rabi.”

“Rabi!” Ta ji ya zauna daɓas a kan matakala. “Injin wanki ne fa a cikin kwalin nan, ko ƙaramin firji. Kuma wata tsohuwa ta tare ni a hawan da na baro, ta ce ina gajeren nan mai faɗa, shi ne ke sauko mata da shara in zai fita. Sai da na sauko mata da ita.” Ya ja numfashi. “Kullum haka yake yi?”

“Kullum, Yaya.”

Ta ji ya yunƙura ya miƙe. Sannan ya ce, “To faɗa mini ta ina zan fita in na gama, ƙafafuna sun daina jin maganata.”

Ta faɗa masa, murmushi har kunne.

Aka buɗe titin bayan la’asar. Abin da ba a taɓa gani ba a gidan ya faru da sauran rana a sama: ɗigo-ɗigon nan suka juyo gida kusan tare, suna bin juna kamar awaki da yamma. Masu lodi suka fita bakin ƙofa suna kiran launuka, kowace mota ta shigo a buga mata bodi a yi mata shewa. Babu kwali ko ɗaya da ya dawo.

Dogo ne ƙarshen shigowa. Ya sauko yana dafa ƙofa, riga jiƙe sharkaf. Ya wuce kowa ya je gaban Gardama ya tsaya.

“Na yi shekaru ina ce maka malalaci.”

“Ban yarda ba,” in ji Gardama. “Ba malalaci kake cewa ba, kunkuru kake cewa.”

“To na janye duka biyun.” Ya juya wajen Manaja. “Ranka ya daɗe, benayen nan a riƙa karɓa-karɓa. Mutum ɗaya ba zai iya ba, sai dai in an gaji da ganinsa.” Sannan ya kalli ƙanwarsa da ke tsaye a ƙofar ofis, ya nuna ta da ɗan makullin mota. “Ke kuma, a sa wa gidan tsohuwar nan alama. A rubuta akwai shara.”

“An gama, Yaya!”

Gardama kuwa ya tsaya tsakiyar fili yana kallon sama, ya rasa yadda zai yi da wannan ranar da ta rage masa. Ya ciro waya ya kira matarsa, ya sa a lasifika don kowa ya shaida.

“Ki ce wa yara su sa takalma, ga ni nan zuwa, zan kai su filin wasa.”

Muryar matar ta fito ta lasifika. “Yanzu? Tun rana ba ta faɗi ba?” Muryarta ta sauka. “Baban yara, faɗa mini gaskiya. Korar ka suka yi?”

Filin ya ɓarke da dariya, wani mai lodi har da durƙusawa.

“Wace irin kora! Aiki na gama!”

“Kai ɗin? Da wa ka yi faɗa? Na sha gaya maka bakin nan naka...”

Gardama ya miƙa wa Auta wayar, fuskarsa a murtuke amma idonsa na ƙyalli. “Ungo, ke kika jawo. Yi mata bayani.”

Auta ta karɓa tana share hawayen dariya da bayan hannu. “Anti, ina wuni? Wallahi ba a kore shi ba. Gobe ma haka zai dawo, sai dai ki fara shirin haƙuri da shi tun da rana.”

“To, Allah ya ba ni juriya,” in ji matar, sannan suka ji ta juya tana ƙwala wa yara kira su nemo takalmansu.