Bebiya a Hanyar Kutemeshi

Da aka yaye farin ƙyallen da aka lulluɓe ta da shi, sai filin tashar Birnin Gwari ya yi tsit, kafin wani ɗan kamasho ya tambaya ko uwar motar tana tafe a baya. Aka tuntsire da dariya. Wata 'yar mitsitsiyar aba ce koriya shar, mai zagayayyun fitilu, cikinta ya kusa shafar ƙasa. A kan tirela aka kawo ta daga Kaduna, da rakiyar masu bindiga gaba da baya, don a nuna wa mutanen gari cewa zaman lafiya ya dawo.

Mai gabatarwa, wani mai kwat da lasifika a hannu, ya yi ta zuba kamar an kunna rediyo. Ya ce mota ce ta talaka, ta zirga-zirgar cikin gari. Ba ta shan fetur, ba ta neman baƙin mai, wuta kawai ake jona mata kamar waya.

"Wace wutar?" in ji wani tela daga baya.

Mai kwat ya nuna farantan sola da aka jingina da tirelar, ya ci gaba da zubarsa ko a jikinsa.

Laraba mai waina ba kallo ya kawo ta ba. Tun farkon damina 'yan bindiga suka ɗauke ɗanta na fari a gonarsa ta Kusasu, gonar da yanzu ta zama ta wani, domin da ita aka fanshe shi. Yau da hantsi aka bugo waya aka ce an ajiye shi a gindin tsamiya, gaba da karyayyen kwalbati a hanyar Kutemeshi. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya taku. Kuma kowa a garin ya sani, wanda aka sako ya kai faɗuwar rana a bakin dajin nan, wata dabar ce za ta tsince shi, a koma farko. Laraba kuwa ba ta da wata gonar.

Ta bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya har ta zo kan Ɗalha, wanda ta san shi tun yana yaron mota.

"Yaya Laraba, ki yi wa Allah ki sakar mini riga," in ji shi. "'Yan rakiya sun wuce tun safe, ba za su sake fita ba sai gobe. Kin san motata, salansarta a fashe take. Kafin in kai kwalbati duk wanda ke dajin nan ya san Ɗalha na tafe."

"Gobe ba zan same shi ba."

"Na sani," ya ce, yana kallon tayar motarsa.

Tana nan tsaye, sai ta ji jama'a na cewa a tayar da sabuwar motar mana a ji muryarta. Direban kamfanin, wani dogo mai furfura da ake kira Nathaniel, ya naɗe jikinsa ya shiga, ya leƙo ta taga ya ce ai a tashe take. Ba wanda ya yarda, sai da motar ta sulale ta fara tafiya. Babu ƙugi, babu hayaƙi. Wata akuya da ke kwance tana tuƙa ba ta san da ita ba sai da ta kusa shafar gashinta, ta zabura ta faɗa cikin tiren mai rake. Nan take 'yan tasha suka raɗa mata suna Bebiya. Wasu suka ce a hanyar Gwaska ko rami ɗaya ba za ta ƙetare ba, wasu suka ce ta dace da malaman asibiti, tela ya ce shi dai ba zai shiga abin da ba ya tari ba.

Laraba ba ta yi dariya ba. Zuciyarta ce ta buga, irin bugun da yake sa mutum ya manta da kunya.

Da aka ce akwai ɗani kyauta, zagaye ɗaya a cikin gari, manya irin su kansila suka fara gyara babbar riga. Ta ratsa ta tsakiyarsu da ƙaurin man gyaɗa a zanenta, ta kama murfin motar ta riƙe. Aka fara yi mata tsawa, amma mai kwat ya hango abin da ya fi kansila amfani a hoto.

"Ku bar Mama ta shiga. Don irinsu aka yi motar nan."

Ta cire silifas ɗinta ta riƙe a hannu kafin ta taka ciki. Aka ɗauki hoto, aka tafa.

Ciki sanyi, ga ƙamshin sabuwar leda, ga wani allo mai haske a gaban direba. Ta ɗosana a bakin kujera. Suka wuce masu nama, suka wuce makarantar firamare, mutane na ɗaga hannu.

"Mama, yaya kika ji ta?" in ji Nathaniel.

"Da gaske daga nesa ba a jin ta?"

"Ko daga kusa ma."

Da suka kai mararrabar da zai juya, ta damƙe hannunsa. Ta faɗa masa komai a dunƙule. Ya taka birki ya dube ta, sannan ya dubi hanyar da take nunawa, inda kwalta ta ƙare jar ƙasa ta fara.

"Mama, ki yi haƙuri. Motar kamfani ce, kuma ta gari ce, ba a yi ta don daji ba. Ni ma ina da iyali. In na bi hanyar nan, aikina ya tafi, wataƙila har da ni."

Ba ta yi masa gardama ba, domin gaskiya ya faɗa. Sai ta zame daga kujerar ta durƙusa a ɗan matsattsen wurin ajiye ƙafa, ta kama ƙafarsa da hannu biyu, ta kifa goshinta a kan takalminsa. Mace ce da ko mijinta marigayi bai taɓa ganin ta roƙi wani a durƙushe ba.

"Tashi, Mama. Don Allah tashi, kin girme ni."

Ba ta tashi ba. Ya daɗe yana kallon allon nan mai nuna caji, yana motsa baki. Daga ƙarshe ya ce, "Yesu ka gan ni," ya murza sitiyari zuwa jar ƙasa.

Hanyar ba ta raga wa Bebiya ba. Damina ta bar kwazazzabai, cikin motar na gurzar ƙasa, Nathaniel na runtse ido duk sanda ya ji ƙarar, kamar fatarsa ake kankara. Suka wuce gonakin dawa da ta nuna ta sunkuya babu mai yanka. Suka wuce wani ƙauye da aka kwashe kwanon rufinsa, ciyawa ta fito a ƙofar masallaci da ta coci. Ba abin da ake ji sai tsakuwa a ƙarƙashin taya. Wasu zabin daji suna kiwo a tsakiyar hanya, sai da aka zo dab da su suka watse. Laraba ta shafa jikin murfin a hankali. Ba ta taɓa zaton za ta so wani ƙarfe haka ba.

A bakin kwalbatin suka tsaya. Ruwa ya cinye rabinsa, ko babur sai da dabara. Ga tsamiyar can gaba, ita kaɗai a cikin gamba mai tsawon mutum.

Nathaniel ya kai hannu zai danna ham, ta tare shi.

"Kana so ka kira mana duk dajin?"

Ya janye hannun. "To je ki ɗauko shi. Zan juya ta in jira. Amma Mama, gaskiya zan faɗa miki, in na ji babura ba zan iya tsayawa ba."

Ta tsallaka da ƙafa. A gindin tsamiyar ta ga guntun igiya, da takalmin roba wari ɗaya, da ciyawar da aka murje da jan jiki. Mutum kam babu.

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Duk wanda ya tashi a hanyar nan ya san ƙa'idarta: ka shige gamba, ka kifa fuska, kada ka ɗaga kai sai ka ji inji ka tantance ko mota ce ko babur. Yana nan wani wuri a kwance, ya kasa kunne yana jiran kukan mota. Ita kuwa ta zaɓo wadda ba ta da murya ta kawo masa.

Dole ta kira shi. Kuma nan ne gizo ke saƙarsa, domin Laraba ba ta taɓa faɗar sunan yaron nan ba. Ɗan fari ne. Ranar suna ta toshe kunne a ɗaki, da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ya tashi yana ce wa uwarsa Yaya kamar yadda ya ji ƙannenta na faɗa. In za ta ba shi abinci sai ta ajiye ta kau da kai. In ta ji ana yabonsa a kasuwa sai ta tsuke fuska, ta dawo gida ta yi murmushinta ita kaɗai. Haka ta ga uwarta ta yi, kuma ba ta taɓa ganin laifin hakan ba. Amma a daji irin wannan, in ta ce "kai", wa ta kira? Sai ta ambaci suna zai san nasa ne suka zo.

Ta buɗe baki, sunan ya maƙale. Ta sake gwadawa.

"Isiyaku."

Ya fito a shaƙe, baƙo a bakinta. Ta ƙara ɗaga murya kaɗan, ta kutsa cikin gambar, kaifin ciyawa na yankar damatsanta.

"Isiyaku. Isiyaku, fito mu tafi."

Shiru, sai iska. Ta yi gabas ta kira, ta dawo ta yi arewa. Rana ta sauko ta yi ja a kan itatuwa. Tsoro ya kama ta, ba na 'yan bindiga ba, na cewa ta makara, an riga an tsince shi. Ta daina kiyaye murya. Ta yi ta kiran sunan tana kuka, tana tuntuɓe, sunan da ta adana tsawon rayuwarsa ta yi ta watsa shi a daji babu mai amsawa.

Da ƙafa ta same shi. Ta yi karo da wani abu ta faɗi a kansa, abin ya yi nishi. Yana kife, hannuwansa biyu a kan ƙeya.

"Ku yi haƙuri," ya ce cikin ƙasa. "Ban gudu ba. Nan aka ajiye ni."

Ta juyo shi. Gemu ya cinye fuskar, idanun sun faɗa, ƙafafun sun yi suntum suna ɗoyi. Ya daɗe yana kallon ta kafin ya yarda.

"Yaya? Ke ce?"

"Ba ka ji ana kira ba?"

"Na ji tun ɗazu. Har na ce muryar ta yi kama da taki." Ya lashi busasshen leɓensa. "Sai na ce tarko ne. Ke ai ba kya faɗar sunana."

Maganar ta soke ta har ƙashi. Ta share fuska da gefen mayafi, ta ce ya jira, ta koma da gudu bakin ciyawa don ta yafuto Nathaniel ya kama mata.

Hayin kwalbatin wayam. Sai sawun ƙananan tayoyi da suka yi kwana a jar ƙasa suka miƙe hanyar gari. Ba ta san yaushe motar ta tafi ba. Ta tsaya ta kasa kunne, sai ta ji abin da Nathaniel ya riga ta ji yayin da take ihu: ƙugin babura can ƙasa-ƙasa ta yamma, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ba ta zage shi ba. Ya kawo ta inda 'yan garinsu suka ƙi, kuma bai yi mata ƙarya ba.

Ta koma wurin ɗanta, ta warware mayafinta, ta tsuguna ta juya masa baya.

"Hau."

"Haba Yaya. Ni da gemuna?"

"Hau na ce."

Ya ja jiki ya rataya hannuwansa a wuyanta. Ta yafa mayafin ta ɗaure a ƙirji, ta dafa ƙasa ta yunƙura. Ta yi shirin nauyin namiji, sai ta miƙe tsaye babu wata wahala, kuma wannan ya fi komai tayar mata da hankali. Ƙafafunsa na reto suna bugun ƙwaurinta.

Ba ta hau hanya ba. Ta bi ta cikin gamba, gefe da gefe da ita, fuskarta wajen gari. Ƙugin na ƙara matsowa.

"Wa zai ɗauke mu?" ya tambaya a kunnenta.

"Kwantar da kanka," ta ce. "Kada ka yi magana."