Ɗumamen Inna

Tun ranar da likita a Tambuwal ya dubi tumbin Mu'awiya ya ce ciwon suga ya fara taɓa shi, ya daina karya kumallo. Ruwa kawai daga wayewar gari har azahar, sannan ya ci, bayan magariba ya rufe baki. Ba azumin lada ba ne, na tumbi ne. Suga ce ta tsotse mahaifinsa har ta kai shi kushewa, don haka bai ja da likita ba.

Inna ce matsalar. A gidansu na Kebbe, kullum da safe sai kwanon ɗumamen tuwo ya tsallako daga sashenta, kuma ɗan arziki ba ya mayar wa uwarsa abinci. Sau ɗaya ya gwada yi mata bayani.

"Likita yac ce kak ka ci tuwona?" in ji ta. "Shi yah haife ka?"

Bai sake tayar da zancen ba. Sai ya karɓa hannu bibbiyu, ya zagaya bayan ɗaki ya juye wa akuya, kwano ya koma fes.

Kafin damina ta tsaya akuya ta yi ɓul-ɓul tana sheƙi, shi kuwa sai ƙara jan mazagin wando yake. Likita ya yaba. Mu'awiya bai ji daɗi ba, bai ji akasinsa ba, ya hau mota ya dawo gida. Ya dai lura kwanon yana ƙara nauyi, har da man shanu a sama.

Wata safiya matarsa Batula ta iske shi yana juyewa.

"Ka san ɗumamen wa kaka ba ta?"

Ya dube ta.

"Hatsi ya yi tsada, tukunyar Inna ba ta ƙaru ba. Nata na safe na, da rabin na dare. Jiya jiri yak kwashe ta bakin randa, tac ce kar in gaya ma. Gani takai ramar Baba ta kama ka."

Ta juya ta tafi. Ashe su biyu ke wannan azumi, ɗaya kawai likita ya sa.

Ya tsaya jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa, kuka ko kunya. Shiru. Akuya ta lashe ƙasa, ta kai baki ta lashe kwanon da ke hannunsa, ya bar ta.

Daga bayan katanga muryar Inna ta taso, siririya.

"Ka canye?"

Ya dubi kwanon.

"Na canye, Inna."

"Madalla," in ji ta. "Gobe in ƙara ma."