Alamar Bilma

Abokan Idirisu na Birni tsokanarsa suke yi, wai Nasara ya ɗauke shi aikin zama. Da gaskiyarsu. Kullum da hantsi yakan kafa abin ji a kunne a barikin Damagaram, ya jira alamar da ake bugowa ta wayar iska daga Bilma, wata 'yar ƙara siririya kamar kukan gyare. In ta zo sai ya rubuta ƙarfinta a kaye, wato littafin aikin: biyar in ta fito tangaram, ɗaya in da ƙyar ake jin ta. Gwajin kwana arba'in ne. Ajidan ɗin da ke kan aikin, wani sojan Faransa mai yawan gumi, ya faɗa a gabansa cewa in hanyar wayar ba ta yi kyau ba, za a naɗe kayan Bilma a maido mutanen gida.

Maganar nan ta hana Idirisu sakat, don ƙanensa Alkasum ne ke murza injin da ke ba wayar wuta a can, da hannu. Rani biyu ke nan da aka ɗauke shi aikin tilas daga gonarsu ta Guna. Wani ɗan ayarin gishiri ya kawo labari cewa ya rame, yana tari har da jini. Mahaifiyarsu Delu kuwa, duk ranar kasuwa sai ta tako har bakin bariki.

"Idi, kai da kake jin su kullum, me ya ce?"

"Inna, ai ba magana ake ji ba. Ƙara ce kawai."

"To, ƙarar tasa da ƙarfi?"

Da ƙarfi take, abin takaicin ke nan. Alkasum bai iya ha'inci ba, ko noma aka sa shi sai an ce ya bari. Biyar, huɗu, biyar. Duk lambar da Idirisu ya rubuta, ƙara ɗaure ɗan'uwansa take yi a Bilma.

Rana ta goma sha biyu alama ta zo tangaram. Ya leƙa ƙofa, ya rubuta biyu. Kashegari ya sa ɗaya, wata rana ma ya rubuta ba a ji komai ba. Yakan yi istigfari bayan salla, amma a ransa murna yake yi, yana ƙirga kwanaki.

Ran da arba'in ta cika, Ajidan ya zauna yana juya shafukan kayen.

"Kwana goma sha ɗaya na farko lafiya lau," in ji shi. "Inji bai lalace ba, ƙarfen waya bai faɗi ba. Mai murzawa ne ya fara lalaci. Mu dai suna jin mu sarai, shi ya sa tun mako biyu na buga musu su ƙara masa aiki, su rage masa abinci har ya shiga taitayinsa. Za a sake gwajin, wata uku."

Idirisu ya buɗe baki. In ya faɗi gaskiya kaso zai shiga, kuma hanya ta yi kyau ke nan, Alkasum ba zai dawo ba. Tsoro ya fi ƙarfinsa, ya rufe bakin.

Kashegari da hantsi alama ta zo tana rawa, ta ɗan ɗaga, ta faɗi, ta yanke a tsakiya. Ya danna abin jin a kunnensa har kansa ya yi ciwo. Kwana uku shiru.

Rana ta huɗu ta dawo da ƙarfin da bai taɓa ji ba. Ajidan ya shigo yana goge wuya, fuska a sake.

"Ka ji ko? Wancan mai murzawar ya mutu shekaranjiya, sun sa wani. Rubuta mana."

Idirisu ya ɗauki alƙalami, ya rubuta biyar.