Guruf ɗin Ranar Laraba

Autarmu tana da farfaɗiya tun tana ƙarama, kuma ba abin da muke yi wa shela ba ne. Magani ya karɓe ta, rabon da ta faɗi har mun manta. Tana koyar da ƙananan yara a wata makarantar kuɗi, a wani aji mai guntayen kujeru da bangon da aka cika da zanen kyanwa mai ƙafa shida. Ajin nan shi ne ranta. In ta dawo gida ba mu da labari sai wane ya iya ɗaure takalmi, wance ta daina kuka.

Asibitin da take zuwa ƙarami ne: likita ɗaya, nas ɗaya, benci biyu da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Laraba ce ranar masu irin ciwonta. Nas ɗin ta gaji da kiran mutane ɗaya bayan ɗaya tana tuna musu, sai ta yi dabara. Ta tattara lambobinsu ta buɗe guruf a waya, ta raɗa masa suna "Masu Farfaɗiya, Laraba", ta yi musu sallama ta ce kowa ya zo da wuri. Ga lambar kowa, ga hoton kowa. Hoton Auta kuwa ita ce tsaye a ƙofar ajinta, sunan makarantar ɓaro-ɓaro a bayanta.

Ashe a cikin guruf ɗin akwai uwar wata ɗalibarta, wadda ke kai babban ɗanta karɓar magani. Ni da na ji, sai na ce to alhamdulillahi, wadda ta san ciwon a gidanta ai ba za ta tona ba. Na yi wauta. Ita ce ta kai wayar har ofishin mai makarantar, wai ta ga yadda ɗanta ke yi in abin ya taso, ba za ta bar 'yarta a hannun mai irin wannan ba.

Mai makarantar ba ta kori Auta ba, ta fi ƙarfin haka. Ta zaunar da ita, ta yabi aikinta, ta ce iyaye ne suka matsa. Sannan ta mayar da ita ɗakin ajiyar littattafai, wani lungu mai ƙaramar taga da warin tsohuwar takarda, ta ce ta zauna can har ta warke.

Washegari na tafi asibitin raina a ɓace, na shirya maganganun da zan zazzage musu. Na tarar da nas ɗin idonta ya yi ja. Ta rantse min sauƙi ta nema wa mutane, ta ce ta riga ta goge guruf ɗin. Likitan ya cire tabarau ya ba ni haƙuri, ya ce kuskure ne, sirrin marar lafiya amana ce, ba za a sake ba, in ma ana so zai je makarantar da kansa ya yi bayani. Duk ihu ne bayan hari. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ban samu mugu ko ɗaya da zan zaga ba, na dawo gida da fushina kamar yadda na tafi da shi.

Auta ta ce kar ya je. Ta ce in likita ya sa ƙafa a makarantar, wanda bai ji ba ma zai ji.

Daga nan hirar dawowa gida ta mutu. Takan ce tana jiyo yaran ta bango suna rera karatu da sabuwar malama, kuma malamar ba ta san cewa wani ƙaramin yaro mai kunya a ajin sai an durƙusa ake jin maganarsa ba. Laraba ta zo ta wuce, Auta ba ta je asibiti ba. Na tambaya, ta ce akwai sauran magani.

Da gaske akwai saura. Ina share ɗakinta ranar Asabar na ɗaga robar maganin, na ji ta da nauyi. Na buɗe, tana nan cike. Na same ta a tsakar gida tana wanke hannu na nuna mata.

"Auta, mene ne wannan? Tun yaushe kika daina sha?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, mai makarantar cewa ta yi sai na warke zan koma ajina. Mai shan magani ai bai warke ba."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa ta da Allah da darajar iyayenmu. Ta karɓi ƙwaya ɗaya ta jefa a baki don in rabu da ita, ban kuma ga ta haɗiye ba.

Ranar Litinin ta yi wanka ta ɗauki jakarta. Tsakanin gidanmu da makarantar akwai babban titi, manyan motoci ba sa tsayawa wa kowa. Na ce bari in raka ta, ta ce ita ba marar lafiya ba ce. Na tsaya a bakin ƙofa da tsoro fal cikina, ina kallonta ta sa ƙafa a kwalta ita kaɗai.